Malam Gado da 'Yar Farin Mero

Waɗanda suka ga Malam Gado da idonsu a Jega sun ƙare, sai waɗanda suka ji labarinsa a bakin iyayensu. Abin da aka fi tunawa game da shi ba wani babban abu ba ne. Dogon mutum ne siriri, mai bin gefen hanya ko da babu kowa a kanta. Kuma duk ranar Lahadi akan jiyo shi a ɗaki yana waƙar addininsu shi kaɗai, ba mai amsa masa.

Kirista ne, a garin da Kiristocinsa ba su cika tabarma ɗaya ba. Sauran duk baƙi ne 'yan Kudu masu aiki a kantunan Turawa, da yarensu da sha'aninsu. Shi kuwa ɗan ƙasa ne, ko kuma a ce da can ɗan ƙasa ne. Yana ƙaramin yaro, a shekarun da Nasara suka ci ƙasar nan, sojoji suka tare wani ayarin bayi a bakin kasuwar Jega. Shi da uwarsa suna ciki. Manyan mata aka bar su a gari, aka ce kowace ta nemi inda za ta zauna. Yara kuwa aka tattara su aka yi kudu da su, zuwa wani gida da ake renon 'yantattun yara. A can ya girma a hannun 'yan mishan, a can ya koyi karatu, a can aka yi masa baftisma.

Bai san sunan ƙauyensu ba. Ya dai riƙe warin albasa a rana, da wani gulbi, da kalmar Maiyama da yake jin an taɓa faɗa a gabansa. Sai kuma abu ɗaya da ya fi waɗannan zama a ransa. Ranar da aka raba su, wani ɗan dako ya saɓa shi a kafaɗa, shi kuma yana kuka yana waige. Uwarsa tana tsaye cikin mata. Ba ta bi shi ba, ba ta kira shi ba. Juya fuska ta yi tana kallon wani wuri, tana gyara ɗaurin zanenta. Da ya girma ya yi ta lalube a cikin tunaninsa, bai sami ko rana ɗaya da ya ji sunansa a bakinta ba. Bai taɓa gaya wa kowa ba. Ya dai yanke a ransa cewa akwai 'ya'yan da ba a so, kuma shi yana cikinsu.

Yana gab da shekara arba'in aka fara barin 'yan mishan su zauna a ƙasashen sarakuna, saboda jinyar kutare. Da ya ji za a buɗe sansani a bayan garin Jega, ya roƙa a tura shi. A shekararsa ta farko ya taka Maiyama, ya taka Gumbin Kure da Dangamaji, yana cigiya. Amma wace cigiya ake yi wa matar da ba a san sunanta ba? Mutane sun karɓe shi da mutunci, sun ba shi ruwa a ƙoƙon da suke ajiye wa baƙo irinsa, sun ce Allah ya sada su. Daga baya ya daina zuwa.

Makarantarsa rumfa ce ta zana a gefen sansanin, shi ne shugaba kuma shi ne malami. Ɗalibansa 'ya'yan majinyata ne waɗanda cutar ba ta taɓa ba, yaran da babu wanda zai bari ɗansa ya zauna kusa da su a cikin gari. Yana da wata ɗabi'a da ba a koya masa a kudu ba. Kafin a taɓa allo da safe, sai ya tambayi kowane yaro ko ya duba tafin ƙafar uwarsa ko ubansa. Kuturu ba ya jin ƙaya, ba ya jin zafin wuta. Ƙaya takan wuni a ƙafarsa har wurin ya ruɓe bai sani ba. Malam Gado ya koya wa yaran yadda ake dubawa, da yadda ake gwada ruwan wanka da gwiwar hannu kafin a miƙa. Wanda ya makara don ya tsaya ɗaura wa uwarsa zane ba a dukansa. Wanda ya zo da wuri bai duba ƙafa ba, a mayar da shi gida ya dubo. Rabin safiya takan tafi a haka, shi ya sa karatun rumfar ba ya sauri.

Shugabar sansanin wata Baturiya ce da mutane ke kira Mai Allura. Ba muguwa ba ce. Da hannunta take wanke gyambon da 'yan uwan mai shi suka guje wa. Amma tana da manya a sama da ita, su kuma abin da suke tambaya ɗaya ne: yara nawa rumfar ta fitar? Kowace shekara bayan kaka akan yi jarrabawa. Wanda ya ci sai a ɗauke shi zuwa makarantar kwana a can nesa, inda zai yi karatu mai zurfi, kuma ya yi nisa da cutar. Shekaru suna wucewa rumfar Malam Gado ba ta fitar da kowa ba. A ƙarshe aka aiko wa Mai Allura cewa in bana ma haka ne, a rufe rumfar.

A wannan shekarar kuwa akwai Azumi. Yarinya ce 'yar kimanin shekara goma sha biyu, mara yawan magana, wadda in an karanta abu sau ɗaya ya zauna. Ubanta ya rasu. Uwarta Mero, mutuniyar wani ƙauye a yankin Aliero, cutar ta cinye mata yatsu, ta fara taɓa idanu. Su biyu ne a bukka. Azumi ce ke ɗaura mata zane, ita ce ke ɗebo ruwa, ita ce ke duba ƙafa.

Aka yi jarrabawa, Azumi ta ci, ta ci da kyau. Malam Gado ya ji wani sanyi a ransa wanda ya daɗe bai ji ba. Rumfa ta tsira, yarinya kuma ta sami hanya. Saura yardar uwa. Mai Allura ta sa aka kira Mero, shi kuma ya tsaya tafinta tsakaninsu. Baturiya ta yi bayani a hankali: wurin da nisa, yarinyar ba za ta riƙa dawowa ba sai bayan shekaru.

Mero ta durƙusa can nesa kamar yadda majinyata suka saba. Ko kallon inda Azumi take ba ta yi ba.

"Ku tahi da ita," in ji ta. "Mi zan yi da ita? Ci kawai ta iya."

Malam Gado ya mayar da maganar cikin Turanci yadda aka faɗe ta, bai ƙara ba bai rage ba. Mai Allura ta girgiza kai, ta ce masa a hankali, "Ka gani? Gara ma a ɗauke ta." Shi ma a ransa haka ya gani. Ya san irin wannan uwar, ko kuma yana zaton ya sani. Aka tsayar da magana: ran kasuwa mai zuwa motar kanti za ta tafi, Azumi za ta bi ta.

Ya yi niyyar yi wa yaran ɗan abinci na sallama. Yana da zakara, amma yankansa ba ya ciwuwa ga Musulmi, don haka duk lokacin da zai ciyar da ɗalibansa sai ya kai wa Barau mahauci ya yanka. Barau ne kaɗai a garin ke tsokanarsa, kuma saboda haka shi ne kaɗai Malam Gado ke ɗauka aboki.

"A'a, Malamin Nasara!" in ji Barau da ya hango shi da zakara a hammata. "Kawo shi nan mu musuluntar da shi, tunda mai shi ya ƙiya."

"Musuluntar da shi, Barau, amma kada ka cire zakka a cinya."

"Ji shi! Hausa kamar ana karanta takarda. Wa ya taɓa rage ma cinya? Wanga zakara naka ko azumi yake yi?"

Yana cikin wasa wuƙa sai ga wata tsohuwa da sanda, Inna Yalwa, uwar Barau. Ta tsaya daf da ɗanta, kafaɗarta kusan tana taɓa tasa, amma Malam Gado ta fuskanta.

"Malam, ina kwana. Don Allah ka ce ma wancan mai wuƙa, in ya ga dama ya aiko da kitse gida. In bai ga dama ba shi bari."

"Inna, ga ni gabanki hwa," in ji Barau yana dariya.

Tsohuwa ta juya fuska tana kallon wani wuri, ta gyara ɗaurin zanenta, ta wuce.

"Ka gan ta?" in ji Barau. "Ni na ɗan hwari. Gemu ya yi hurhura, ba ta taɓa kiran sunana ba. Ƙannena kuwa har goya su take da baki. Amma shekarar da wani sa ya soke ni a ciki, wallahi ba ta sa komi a baki ba sai da na tashi. Kuma ko leƙo ɗakin ba ta yi ba. Bayan danga take wuni tana sauraren nishina. Kai, Malam, riƙe ƙahwahu mana, ina ka tahi?"

Malam Gado ya riƙe ƙafafun zakara. Ba wai bai san kunyar ɗan fari ba. Ya sani, kamar yadda mutum ke sanin akwai rijiya a garin da bai taɓa shan ruwanta ba. A gidan da ya girma babu iyaye mata, balle a yi kunyar wani. Sai a ranar, da ya ga juyin fuskar nan da hannun nan a kan zane, abin ya zo masa kusa. Ya karɓi zakaransa, ya manta bai yi godiya ba.

Bai koma rumfa ba, sai ya bi ta cikin sansani. Ya tarar da Mero ita kaɗai a bayan bukka. Ta aiki Azumi itace can nesa. Ta matse taɓarya tsakanin wuyan hannayenta biyu tana kirɓa ganyen albasa a turmi, irin wanda ake dunƙulawa a shanya ya zama gabu na miya. A kan faifai akwai waɗanda ta riga ta dunƙula da tafin da babu yatsu, kowanne da tasa siffar. Fatar hannunta ta saluɓe inda taɓarya ke gurza, jini yana tsattsafowa, ita ba ta sani ba.

Ya yi sallama. Ta ja wani tsumma da sauri ta rufe faifan.

"Sannu da aiki, Mero. Gabun wa ake yi?"

"Na saidawa na."

Su duka sun san babu mai sayen abin miya a hannunta. Ta ci gaba da kirɓi.

"An ce can inda ake kai mutane," in ji ta, "miyarsu ba ta da gabu."

"Azumi ce ta fari a wurinki?"

Ta kau da kai. "Malam, kai ma da tambaya kake."

Ya ce mata ta je a ɗaure mata hannun. A kan hanya ya gamu da Azumi da ɗaurin itace a ka. Ya tsayar da ita, ya tambaye ta abin da babu wanda ya tambaye ta tun da aka fara maganar, wato ko tana son tafiya.

"Ina son karatu, Malam," in ji ta. Ta sauke itacen. "Na nuna ma ɗiyar maƙwabta yadda ake duba ƙahwa. Amma tana mantuwa. Kuma Inna ba ta gani sosai yanzu."

"In kin zauna fa?"

"In na zauna, za ka ci gaba da koya min?"

Da la'asar ya je wurin Mai Allura. Ya same ta tana dafa allurai a tukunya. Dokar mishan ita ce ba a ɗaukar yaro sai shugaban makarantarsa ya miƙa shi da hannunsa. Ya ce mata shi ba zai miƙa Azumi ba.

"Uwar da bakinta ta ce a tafi da ita," in ji Baturiya. "Kai ka fassara."

"Da bakinta ta ce, Uwargida, da bakina na fassara. Ban canza ko kalma ba, amma ƙarya ce na kawo miki." Ya yi mata bayanin 'yar fari gwargwadon yadda zai iya, ya gaya mata abin da ya gani a bayan bukka.

"To a sake tambayarta."

"Ko sau nawa aka tambaye ta, haka za ta ce. Ba za ta iya faɗin abin da ke ranta ba."

Mai Allura ta sauke tukunya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce yarinyar nan za ta iya zama malamar jinya, ta taimaki ɗaruruwa, ba uwa ɗaya ba. Ta ce za a iya sa wata ta riƙa kula da Mero. Sannan ta tambaye shi, in yarinyar ta zauna cutar ta kama ta fa?

"Ban sani ba, Uwargida," in ji shi. Gaskiya ya faɗa, kuma tambayar ba ta sake shi ba har ƙarshen ransa.

"Ka san abin da zai sami rumfarka?"

"Na sani."

"Gado, kai ma ɗauke ka aka yi. Ga ka yau malami."

"Ga ni," in ji shi.

Ta dube shi na ɗan lokaci, kamar ranar ta fara ganinsa. Ta koma kan alluranta.

Ran kasuwa motar kanti ta ɗauki fatu da buhunan albasa ta tafi ba tare da Azumi ba. Zakaran sallama dai an riga an ci shi. Da hantsi Malam Gado yana cikin koyar da lissafi ya ga inuwa a bayan zana. Ya fita. Mero ce, hannu a naɗe da farin ƙyalle.

"Malam, an ce ba a tahi da wagga ba."

"Ba a tafi ba."

"To. Sai ta ci gaba da cinye min hatsi." Ta sunkuya ta ajiye wani ƙulli a ƙasa, can nesa da ƙafarsa, don majinyata ba sa miƙa wa mai lafiya abu hannu da hannu. "Wanga ya rage. Ba ni da wurin aje shi."

Ta juya ta tafi. A cikin rumfa Azumi tana duƙe kan allo, ba ta ɗago ba. Ya ɗauki ƙullin ya kai ɗaki. Shi yake yi wa kansa miya, kuma ya daɗe yana sa gabun nan kaɗan-kaɗan.

Bayan damina aka rufe rumfar. An yi masa tayin komawa kudu, ya ce ya gode. Ya nemi aron ɗan fili a fadama a hannun wani surukin Barau, ya koyi dashen albasa a shekarun da wasu ke ajiye fartanya. Da yamma yakan zauna ƙarƙashin wata tsamiya a bakin sansani, duk yaron da ya zo ya koya masa, bayan ya tambaye shi ƙafar gida. Wasu ranakun yara su cika inuwar, wasu ranakun Azumi ce kaɗai. 'Yan Kudu da ke gaishe shi a da suka rage gaisuwar, don a ganinsu mutumin da ya bar makaranta ta mutu a hannunsa ba abin tsayawa ba ne.

Azumi ba ta sa farar hular malaman jinya ba. Ta zama mai ɗaurin gyambo a sansanin, ita ke karanta wa Mai Allura rubutun kwalabe da idon Baturiyar ya fara rauni. Cutar ba ta kama ta ba, amma Malam Gado bai taɓa kafa hujja da wannan ba, don akwai yaran da suka zauna ta kama su. Wata shekara aka kawo wata budurwa da farar hula, wadda aka ɗauka daga wani sansani tana yarinya, ta dawo da ilmi. Malam Gado ya ga Azumi tana bin hular da kallo. Ranar bai fito tsamiya ba. Mero ta rayu har ta ga auren ɗiyarta a Maiyama, kuma da ƙafafunta biyu aka binne ta. Ba ta taɓa yi wa Malam godiya ba, ba ta taɓa kiran sunan yarinyar ba. Sai dai duk kaka ƙullin gabu yakan bayyana a ƙofar ɗakinsa.

Bai yi aure ba. Ya tsufa a ɗakinsa da ke bayan gidan Barau. Matan gidan sun saba da Lahadinsa: waƙa tukuna, sannan addu'a, inda yake jero sunayen ɗalibansa ɗaya bayan ɗaya, da na Mai Allura, da na Mero, har da na Barau. Amma sun lura cewa tun shekarar da aka rufe rumfa wani abu ya ƙaru. A tsakiyar sunayen sai ya yi shiru, shiru mai tsawo, sannan ya ci gaba.

Wata rana Barau ya tare shi a zaure. "Malamin Nasara, mata sun ce kana barci cikin salla taka. In tsuhwa ta, ka hwaɗa muna."

"Ba barci ba ne."

"To mi na?"

Malam Gado ya gyara zamansa a bakin tabarma.

"Wata ce," in ji shi. "Ban san sunanta ba. Allah ya san ta."